Tarihin Sarƙa Umarni a Manhajojin ORM

Sarƙa umarni salo ne na rubuta manhaja inda ake jera umarni da yawa a layi ɗaya, kowanne riƙe da na gabansa, ɗigo kaɗai ya raba su. Abin da ke sa haka ta yiwu shi ne kowane umarni, idan ya gama aikinsa, sai ya miƙo wani abu da zai karɓi umarni na gaba. Maimakon layi uku, sai a rubuta ɗalibi.saSuna("Audu").saAji(3).saGari("Zariya"). Salon ya yi kaka-gida a manhajojin ORM, waɗanda ke tsakanin harshen rubuta manhaja da rumbun bayanai. Aikinsu shi ne su ba kowane jadawali ajinsa, kowane layi na jadawalin kuma ya zama abu guda da manhaja za ta iya juyawa.

Salon ya girmi ORM. A harshen Smalltalk, wanda Alan Kay da abokan aikinsa suka gina a cibiyar bincike ta Xerox PARC a shekarun 1970, duk umarnin da bai faɗi abin da zai mayar ba, abin da aka umarta shi yake mayarwa. Wato sarƙa a can ɗabi'ar harshen ce, ba ado ba. Harshen C++ ma ya yi amfani da dabarar wajen fitar da rubutu. TopLink, ɗaya daga cikin tsofaffin manhajojin ORM, a Smalltalk aka fara rubuta shi kafin ya koma Java, daga baya Oracle ya saye shi a 2002.

A Java ne aka samu cikas. Ƙa'idar JavaBeans, wadda kamfanin Sun ya fitar a ƙarshen shekarun 1990, ta ce umarnin da ke sa wa abu wata ƙima, irin su setName, kada ya mayar da komai. Kayan aiki masu yawa da wannan alamar suke gane shi. Idan ya mayar da wani abu, sai su wuce shi kamar ba su gan shi ba. Hibernate, wanda Gavin King ya fara a 2001, ya kawo sarƙa wajen gina tambayar da za a aika wa rumbu, amma azuzuwan da ke wakiltar jadawali sun ci gaba da bin tsohuwar al'ada, kuma ƙa'idar JPA ta 2006 ta gāji siffar JavaBeans ɗin. Sai a 2011, a siga ta 3.1, aka koya wa Spring, wani tsarin Java, gane umarnin sa ƙima masu mayar da abin kansa.

Tarihin ya rabu gida biyu, sarƙar tambaya da sarƙar ajin jadawali, ko da yake a ido sarƙoƙin biyu tamkar tagwaye suke.

Sarƙar tambaya ita ce ta yi nasara ba gardama. A Disamba 2005 Martin Fowler ya yi rubutu kan salon, da sunan da shi da Eric Evans suka raɗa masa, mai nufin rubutun da ke gudana kamar magana. Django, wanda aka haifa a ɗakin aikin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, da SQLAlchemy na Michael Bayer, sun gina tambayoyinsu a kan haka. Microsoft ya shigar da LINQ cikin C# a 2007. Rails 3, a 2010, ya sa where da order da limit suka zama abin jerawa. Hikimar ita ce jinkiri. A Django, kowane filter sabuwar tambaya yake haifarwa, tsohuwar na nan yadda take, kuma ba a taɓa rumbun sai an buƙaci sakamakon. Saboda haka ana iya gina rabin tambaya a nan, a miƙa ta can a ƙarasa, duk da haka SQL ɗaya za a aika.

Sarƙar da ke kan ajin jadawali ba ta da wannan hikimar. Abu ɗaya ake ta canzawa ana mayarwa, ribar kuwa gajarta rubutu ce kawai. Kuma tana iya ruɗin sabon shiga: layi ya ƙare kamar an gama magana, alhali a Doctrine, ORM na harshen PHP, babu abin da ya shiga rumbu sai an kira flush. Duk da haka mutanen PHP sun rungume ta. Kayan da ke ƙera azuzuwa a Doctrine 2, wanda ya fito a 2010, da na Symfony, suna rubuta umarnin sa ƙima da ke mayar da abin kansa, har ta zama al'ada. A Java, kayan aikin Lombok ya ba da zaɓi ga mai so.

Masu suka suna kafa hujja da ƙa'idar Bertrand Meyer, mai harshen Eiffel, cewa umarni ko dai ya canza abu ko ya ba da amsa, kada ya haɗa biyun. Akwai kuma ƙorafin masu gyaran kuskure, wanda ya fi kusa da gaskiyar aiki: idan sarƙa mai gaɓa bakwai ta tsinke, lambar layi ɗaya kwamfuta za ta nuna, sai mutum ya bi gaɓa-gaɓa yana lalube. Shi ya sa aka saba ajiye kowace gaɓa a layinta.

Matsalar da ta fi daɗewa ita ce ta gādo. Idan umarnin yana cikin aji uwa, nau'in uwar yake mayarwa, sai umarnin da ke cikin ɗan kaɗai ya ƙi ɗauruwa a bayansa. Masu Java suna kewaye wannan da dabarar nau'in da ke nuni ga kansa, mai wahalar karantawa. PHP ya warware tasa a siga ta 8.0, a 2020, da ya yarda a rubuta static a matsayin nau'in abin da umarni ke mayarwa.