Makonni 1,024: Tsohon Lissafin da ke Ɓatar da Mota

Da safiyar Lahadi, 22 ga Agustan 1999, direbobi da dama a Japan suka tayar da motocinsu, suka tarar na'urar da ke nuna musu hanya ta rikice. Wata allonta ya daskare, wata kuma ta kasa gano inda motar take. Babu wayar da ta tsinke, babu eriyar da ta karye, taurarin GPS kuma suna can sama suna aikinsu. Ƙidayar makonni ce ta cika ta koma sifili, kuma tun kusan shekara ashirin kafin nan an san ranar za ta zo.

Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fara shirin GPS a 1973, aka harba tauraron farko a 1978. Taurarin suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, saboda haka kafin saƙonsu ya iso ƙasa ya yi rauni matuƙa, har ya fi hayaniyar rediyon da ke kewaye da shi rauni. Saƙon kuma yana tafiya ne a hankali: bit 50 kacal a daƙiƙa, wato gurabe hamsin masu ɗaukar ko dai sifili ko ɗaya. Dole injiniyoyin suka yi tsimi. Maimakon cikakken kwanan wata, sai tauraron ya riƙa faɗin lambar mako, ana ƙirgawa daga 6 ga Janairun 1980, aka kuma ware wa lambar gurabe goma. Gurabe goma ba sa ƙirga abin da ya wuce 1,024, wato shekara goma sha tara da wata bakwai da 'yan kwanaki.

Ban ga laifinsu ba. Sojoji suke yi wa aiki, ba su hango mai kai yara makaranta ba. Sai bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya kauce hanya a 1983, mutum 269 suka halaka, Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe tsarin ga farar hula. A 1990 Mazda ta fito da Eunos Cosmo ɗauke da GPS, Japan ta riga kowa cika motoci da irin wannan na'ura, don haka can ne abin ya fi tsanani a 1999.

Me ya haɗa kwanan wata da ɓatan hanya? Na'urar tana ajiye jadawalin zirga-zirgar taurari a cikinta. Idan aka kunna ta, sai ta dubi agogonta da wurin da ta tsaya a ƙarshe, ta ƙiyasta taurarin da ya kamata su kasance a samanta, ta nemi waɗannan. Tana bukatar aƙalla huɗu. Idan agogon ya koma baya da shekara goma sha tara, za ta yi ta neman taurarin da ba sa nan. Mai kyakkyawar manhaja takan haƙura ta lalubi sararin sama gaba ɗaya. Maras kyau takan tsaya cik.

Ƙidayar ta sake cika ranar 6 ga Afrilun 2019, abin kuma bai yi muni sosai ba, domin masu ƙera na'urori sun koyi wata dabara: su fara nasu ƙirgen daga lokacin da aka rubuta manhajar. Sai dai dabarar jinkiri ce kawai, ta kuma sa kowace na'ura ta samu tata ranar. A farkon Janairun 2022, tsofaffin motocin Honda da Acura masu taswira suka wayi gari agogonsu ya koma 2002, ya kuma ƙi saituwa. Kamfanin ya ce a jira watan Agusta, zai daidaita da kansa.

Irin waɗannan motoci, da sa'o'insu, su ne suke shigo mana ta Kwatano da Legas. Motar da ta yi makonni a jirgin ruwa tana tashi ne da tunanin tana Amurka, da tsohon jadawali a cikinta. Sauke sabon jadawalin yana cin minti goma sha biyu da rabi, kuma sai a fili, ba ƙarƙashin rumfar kwano ba. Sau da yawa na'urar ta gano inda take sarai, faifan taswirar ne bai san Kano ba. Wannan ba ɓacewar sigina ba ce, sauya eriya ba zai yi maganinta ba.

Saboda haka kafin mai wayarin ya kwance gaban mota, akwai abin dubawa. Yawancin na'urorin suna da shafin da ke nuna adadin taurarin da suke ji. Idan babu ko ɗaya bayan an daɗe a fili, sai a bi eriya da wayarta, musamman mahaɗin da girgizar hanya kan sassauta. Idan suna zuwa suna ɓacewa, a tuna da raunin saƙon nan: ledar baƙin gilashi mai haɗin ƙarfe tana tare shi, caja ko kyamarar gaba mai araha na iya binne shi da hayaniya, shi ya sa cire su ɗaya bayan ɗaya ya fi kowane gwaji sauƙi. Idan kuwa shekarar da ke allo ta koma baya da kusan ashirin, manhaja ce, kuma sai in kamfanin ya fitar da sabuwa za a gyara.

Sababbin saƙonnin GPS sun ware wa mako gurabe goma sha uku, abin da zai kai kusan shekara 157. Tsohon saƙon, wanda galibin motocin da ke kan titi suke saurare, zai sake komawa sifili a Nuwamban 2038.