Launi da Motsin Zuciya a Zanen Shimfiɗar Ƙasa: Shaida daga Ƙasar Kazaure

Akwai koyarwar da ɗalibin zane kan ci karo da ita tun a ajin farko, wai kowane launi yana da halinsa da ba ya sauyawa: rawaya fara'a, shuɗi sanyi da kewa, kore natsuwa, baƙi da ruwan toka kuwa ɓacin rai. Jijiyar wannan magana ta kai ga littafin da Goethe, marubucin Jamus, ya fitar kan launuka a 1810, inda ya yi ƙoƙarin bayyana abin da kowane launi ke tayarwa a ran mai kallo. Littafin ya yi tasiri ƙwarai, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Sai dai hujjar wannan maƙala ita ce, idan ƙasa ake zanawa, wato gona da dutse da sararin sama, abin da launi ke sawa a zuciya yana fitowa ne daga abin da mai kallo ya sani game da wannan ƙasa da lokutanta. Ƙasar Kazaure, daga duwatsun Roni zuwa gonakin Gwiwa, ta isa ta zama shaida.

A fara da hadari. Wanda ya tashi da waccan koyarwa, idan ya ga zanen da baƙin gajimare ya rufe rabinsa, zai ce mai zanen yana nufin tsoro ko makoki. Manomin Gwiwa da ya yi binne a ƙarshen Mayu, ya kwashe kwanaki yana duban gabas, ba haka zai karanta shi ba. A wurinsa wannan shuɗi mai duhu da ya haɗo, da iskar da ta fara kaɗa ganyen darbejiya, albishir ne. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne sama tangaram, shuɗi garau babu ɗigon girgije, a tsakiyar Yuli, lokacin da gero ya kai gwiwa yana neman ruwa. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san wannan sama, kuma ba sa kiranta kyakkyawa.

Haka rawaya. A watan Oktoba, idan kara ya bushe, an jera dammuna a bakin gona, zangarniya tana ƙyalli da hantsi, rawaya launin ƙoshi ce da biyan bashi da shirin aure. Ita wannan rawaya ɗin, idan ta bayyana a ganyen dawa a watan Agusta, alamar ciwo ce: ko ruwa ya ɗauke, ko ƙasa ta gaji, ko ƙuduji ya kama saiwa. Shi ƙuduji ma ya cancanci a tsaya a kansa. Furensa shunayya ne mai haske, kuma idan ya baibaye gona, baƙon da ya tsaya a bakin hanya zai ciro waya ya ɗauki hoto don sha'awa. Mai gonar kuwa asarar shekara yake gani. Mai zanen da ya zuba wannan shunayya a tsakanin layukan dawa yana nufin ado, ya faɗi abin da bai yi niyya ba; wanda ya zuba ta yana sane, ya zana talauci ba tare da ya sa mutum ko ɗaya a hoton ba. Fenti ɗaya ne, buroshi ɗaya, sani ne ya raba su.

Sai gawo, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya yi kore shar da rani. Duk wanda ya zana gonar Kazaure a tsakiyar damina ya lulluɓe gawo da ganye, yaro mai kiwo zai gane bai duba ba. Wanda kuwa ya zana filin da ya ƙone fari fat a watan Fabrairu, da gawo guda yana tsaye kore, awaki a gindinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo, ya kama wani yanayi da babu shi a jadawalin launuka na kowane littafi.

Inda matsalar ta fi zurfi, a ganina, shi ne hunturu. Tun zamanin Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, ake koya wa masu zane cewa abin da ya yi nisa yakan koma shuɗi-shuɗi, don haka dutsen da ke can ƙarshen gani da shuɗi ake shafa shi. Ƙa'idar tana da dalili: iska mai tsabta ta fi warwatsa hasken shuɗi a kan sauran launuka. Amma daga Nuwamba zuwa Maris iskar da ke kan Kazaure ɗauke take da ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi. Ƙwayoyin ƙura sun fi na iska girma nesa ba kusa ba, suna warwatsa launukan haske kusan daidai wa daida. Shi ya sa idan hazo ya sauka, duwatsun da ke kewaye da gari ba sa yin shuɗi. Sukan koma ruwan toka mai sirkin ƙasa-ƙasa, na bayansu su dushe, na can baya su ɓace ɗungurungum. Inuwa takan yi laushi har ta kusa rasa baki, rana ta tsaya kamar farin faranti, ana iya kallonta ido da ido, ruwan dam kuma ya ɗauki launin sama har a rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mai zanen da zai kama wannan dole ya ajiye shuɗinsa gefe, ya yi aiki da fari da ruwan ƙasa da ɗan ɗigon ja, ya yarda cewa tazarar da ke tsakanin mafi haske da mafi duhu a allonsa ƙanƙanuwa ce. Aiki ne mai wuya, domin ido yana son abin da ke ƙyalli, mai saye ma haka. Kuma yanayin da ke cikin wannan dishi-dishi ba baƙin ciki ba ne. Lokaci ne na rumbu cike, na jin ɗumi da asuba, na 'yan cirani da suka kama hanya, ga kuma tari da faso. Natsuwa ce mai haɗe da kewa, kuma ta cancanci a zana ta da gaskiyarta.

Za a iya cewa mai zane ba mai ɗaukar hoto ba ne, yana da 'yancin sa launin da ransa ya ba shi. Wannan gaskiya ce, kuma tarihin Zariya ya tabbatar da ita. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun ƙi yarda a mayar da su masu kwaikwayon Turai, suka yi kira da a haɗa dabarar da aka koyo da abin da aka gada. Grillo ya shafe rayuwarsa yana rina mutanensa da shuɗi, Gani Odutokun kuwa, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har rasuwarsa a 1995, yakan tsinka fenti ya bar shi ya kwarara a kan allo. Babu mai cewa sun yi ƙarya. Amma wanda ya kauce wa launin zahiri da gangan yana buƙatar ya fara sanin launin da ya kauce wa, da abin da yake nufi ga mutanen wurin. Abiodun Olaku ya yi suna ne saboda ya zauna ya karanci hasken Legas, da danshinta da hayaƙinta da yadda fitila ke kwanciya a kan ruwa. Irin wannan haƙuri ne hazon Arewa ke jira.

Kasuwa ba ta taimaka ba. Abin da ake nema daga Arewa a ɗakunan baje zane da otal-otal na Abuja da Legas sananne ne: dawakin hawan salla, 'yar Fulani da ƙwaryar nono, mai algaita. Masarautar Kazaure da ake danganta kafuwarta da Ɗan Tunku a 1819 tana da dawaki da alkyabba da za su cika allo, amma a irin waɗannan zane-zane ƙasar da dokin ke takawa shafe ce kawai a baya. A gida kuma, a bangon shagon aski da jikin babbar mota, abin da aka fi gani shi ne korama mai gangarowa da ciyawa kore shar da dutse mai ƙanƙara a kai. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Mutumin da ya sha zafin bazara yana da haƙƙin ya yi mafarkin ruwa, kuma mai zanen yana aiki ne da fentin gwangwani mai launuka ƙalilan. Abin da ke damuna shi ne yaro ya tashi yana ganin cewa wurin da ya isa a zana yana wata ƙasa, nasa kuwa ƙura ce kawai.

Kuma babu wani shinge na addini a zanen shimfiɗar ƙasa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Ke nan wannan fanni ne da ƙofarsa ke buɗe ga ɗan Musulmi fiye da kowane.

Tsakanin 1890 da 1891 Claude Monet ya zana tarin hatsin da ke wata gona kusa da gidansa a Faransa sau wajen 25, da safe da yamma, da rani da sanyi, don ya ga yadda haske ke sauya abu guda. Ɗalibin zane a Kazaure zai iya yin haka da dutse guda a hanyar Roni, ko da kuka guda: da bazara, da saukar ruwan farko, da kaka, da tsakiyar hazo. Tsadar fentin waje ma ba za ta hana shi ba. Ƙaro, wanda Jigawa ke samarwa, shi ne abin da masana'antu ke ɗaure fentin ruwa da shi, kuma masu zayyanar allo sun daɗe suna zuba shi a tawada. Jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da baba da karan dafi duk suna kusa. A daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaro. Idan an gama, a fara rataye zanen a Kazaure kafin a kai shi Abuja, a tambayi manoma da makiyaya wane wata ne suke gani a kowane allo.