Wata Biyar Aiki, Wata Bakwai Zama

 Yau ina so mu ɗan waiwaya baya, mu dubi taimakon da aka riƙa kai wa ƙauyukanmu, mu ga inda aka sosa wurin da yake ƙaiƙayi.

A ƙauye wa za ki nuna ki ce ba shi da aiki? Ai kowa manomi ne. Sai dai fa damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, da an kai amfani rumbu shi ke nan, maigida ya ɗaura ƙunshinsa ya tafi cin rani Kano ko Ikko, ko dako ko ga-ruwa, ya bar ki da yara da tsohuwa. Kun ga ashe aikin akwai, isa ce bai yi ba.

A 1975 Bankin Duniya ya tallafa aka buɗe shirin noma a Funtua da Gusau da Gombe, aka kawo taki da iri, aka yi hanyoyi. Abin kirki ne, amma damina aka ƙara wa ƙarfi, rani yana nan yadda yake.

To ku dubi madatsar ruwa ta Tiga, aikin gwamnatin Audu Bako, wadda aka kammala a 1974. Da ruwa ya isa Kadawa da Kura, sai ga alkama da tumatir da shinkafa cikin tsakiyar rani, maza na ban-ruwa, mata na sheƙa da tsinkar tumatir. Haka shirin Fadama na 1993 ya sama wa manoma injinan ban-ruwa. Nan kam watannin zaman aka nufa.

Mu mata fa? A 1987 Maryam Babangida ta ƙirƙiro shirin Better Life domin matan karkara, aka yi ta ƙorafin matan manya na birni sun fi morarsa. Ita kuwa mai ƙuli-ƙuli da jarinta kwano biyu na gyaɗa, kafin azahar ta gama ta zauna. Ƙarfi akwai, lokaci akwai, jari ne babu, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka duk ranar da masu rajistar tallafi suka zo garinku, kada ki tsaya a "ina da sana'a" kawai. Faɗa musu awa nawa take ɗaukar ki a yini, wata nawa kuma maigida yake zaune a shekara. Allah Ya rufa mana asiri, amin.