Gurbin Dariya: Ɗalibin Wasan Kwaikwayo Tsakanin Ɗakin Gwaji da Dandamali a Wasan Daren Sha Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci wata matsala da ɗalibin wasan kwaikwayo ke cin karo da ita idan aka ba shi rawa a daɗaɗɗen wasan barkwanci. Yakan shafe makonni yana gwaji a ɗakin da babu mai yi masa dariya, alhali dariyar 'yan kallo na cikin kayan da aka gina wasan da su. An ɗauki rawar Malboliyo a wasan William Shakespeare, Daren Sha Biyu, domin auna wannan matsala. An bi matanin wasan, an duba tarihin aiwatar da shi a Ingila, an kuma ɗora nazarin a kan ra'in dariya na Henri Bergson. Binciken ya gano cewa marubucin ya saka ma'aunin dariya a cikin zubin fitowar wasiƙa, kuma ɗalibi ba ya sanin inda dariyar za ta tsaya sai ya fita gaban jama'a.

1.0 Gabatarwa

An rubuta wasan da mutanen Ingila ke kira Twelfth Night wajajen 1601. Shaida mafi daɗewa game da aiwatar da shi ta fito ne daga kundin wani ɗalibin shari'a, John Manningham, wanda ya kalle shi a zauren Middle Temple da ke Landan ranar 2 ga Fabrairu, 1602. Ba a buga shi ba sai 1623, shekara bakwai bayan rasuwar marubucin. Masu karatun Hausa sun san shi ta fassarar Ibrahim Yaro Yahaya, Daren Sha Biyu (1971), kuma da wannan suna za a ci gaba da kiran sa a nan.

Ƙashin bayan labarin na wasu tagwaye ne, Bayola da Sebastiyan, waɗanda hatsarin jirgin ruwa ya raba. Bayola ta yi shigar maza ta kama aiki a gidan basarake Osino, soyayya ta harɗe tsakanin mutum uku. Sai dai abin da ya fi tsaya wa Manningham a rai shi ne makircin da aka ƙulla wa Malboliyo, sarkin gidan gimbiya Olibiya, inda aka jefar masa da wasiƙar bogi har ya yarda uwargijiyarsa na son sa. Sarki Charles na Ɗaya ma, a kwafinsa na wasannin Shakespeare, sunan Malboliyo ya rubuta kusa da sunan wasan. Ke nan tun farko wannan rawa ce ke ɗauke da nauyin dariyar, kuma ɗalibin da aka danƙa wa ita ya san da haka. Sanin ne ma ke fara jefa shi cikin wahala.

2.0 Ra'i da Hanyar Bincike

Bergson (1900) ya kawo abubuwa uku da suka shafi wannan nazari. Dariya aba ce ta taro, tana buƙatar amsawar wasu. Tana kuma buƙatar zuciya ta ɗan yi sanyi, domin wanda tausayi ya kama ba ya dariya. Na uku, abin da ke ba da dariya shi ne a ga ɗan'adam ya sandare a kan hali guda kamar inji, duniya na juyawa shi bai juya ba. Binciken Robert Provine (2000) ya ƙarfafa batu na farko, inda ya nuna mutum ya fi yin dariya kusan ninki talatin idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai.

Hanyar da aka bi ita ce ƙwanƙwance matanin kashi na biyu fitowa ta biyar da kashi na huɗu fitowa ta biyu, tare da waiwayar abin da 'yan wasa da masana suka rubuta a kan rawar.

3.0 Mutuwar Dariya a Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya koyar da wasan barkwanci ya san yadda abin ke tafiya. Ranar karatun farko, ɗalibai na zaune a da'ira da takardu a hannu, ana ta ƙyaƙyata dariya. Bayan an maimaita fitowa ɗaya sau da yawa, ɗakin ya yi tsit. Abokan wasa sun haddace inda barkwancin yake, darakta ya duƙufa a kan tsayuwa da shiga da fita. Ɗalibin da ke Malboliyo ya faɗi maganar da ta kayar da mutane makon jiya, ya saurara, ba ko tari. Abin da yakan fahimta shi ne wasansa ya lalace, sai ya shiga ƙari: ya maƙale murya, ya turo baki, ya ƙirƙiro wata tafiya ta gwame. Kowane ƙari yakan sayo masa dariyar yini guda, kashegari ta mutu, ya sake neman wani. Kafin ranar wasa an rasa sarkin gida mai ji da kansa, an samu ɗan kama.

Ya kamata a lura cewa 'yan wasan zamanin Shakespeare ba su san wannan matsala da irin wannan siffa ba. Tiffany Stern (2000) ta nuna cewa gwajin haɗaka kaɗan ne ƙwarai a wancan lokaci. Ana ba kowane ɗan wasa nasa maganganun kaɗai a rubuce, tare da 'yan kalmomin ƙarshe na wanda zai yi magana kafin shi, ya je ya haddace. Kamfanonin wasa na sauya wasa kusan kullum, kamar yadda kundin Philip Henslowe ya nuna, kuma da rana tsaka ake yi, ɗan wasa na ganin fuskokin masu kallonsa. Wasan da aka rubuta domin a koye shi a gaban jama'a shi ne ɗalibin yau ke koyo a bayan ƙofa.

Horon da yawancin makarantu ke bayarwa, wanda ya samo tushe daga Konstantin Stanislavski, yana magance rabin cutar. Yana tilasta wa ɗalibi ya tambayi kansa me Malboliyo ke so, amsar kuwa ba ta da alaƙa da ba da dariya. Mutumin yana son girma, yana son a daina raina shi a gidan da yake riƙe da shi, yana son ranar da Tobi, mashayin da ke zaune a gidan, zai rusuna masa. Idan ɗalibi ya riƙe wannan buri da gaske, sandarewar da Bergson ya ambata takan fito da kanta. Ragowar rabin kuwa, wato sanin lokacin da za a yi shiru a bar jama'a su yi nasu aikin, tambayar zuci ba ta koyar da shi.

4.0 Fitowar Wasiƙa

A nan ne matanin ya fi taimakon ɗalibi, idan ya iya karanta zubinsa. Mariya, baranyar da ta kwaikwayi rubutun Olibiya, ta ɓoye mutum uku a cikin wata shuka mai duhu a lambu: Tobi, Andaru da Fabiyan. Ta sanar da su cewa Malboliyo ya jima a rana yana koya wa inuwarsa ladabin manya. Wato tun kafin ya shigo an gaya wa 'yan kallo cewa shi ma gwajin wasa yake yi.

Ya shigo yana sambatu. Bai ga wasiƙar ba tukuna, amma ya riga ya auri Olibiya a ransa, ya yi wata uku da ita, yana zaune a kujerar mulki cikin rigar karammiski, ya aika a kira masa Tobi. Kusan duk bayan jimla ɗaya ko biyu sai ɗaya daga cikin maɓoyan ya tsoma baki: Tobi ya yi zagi, Andaru ya gane shi ne wawan da Malboliyo ke nufi a sambatunsa ya kuma tabbatar da hakan da bakinsa, Fabiyan na ta roƙon a yi shiru. Waɗannan katsalandan su ne guraben dariyar, an rubuta su an ba wasu su faɗa. Aikin ɗalibin da ke Malboliyo shi ne ya cike lokacin da wani abu na gaskiya ba tare da ya nuna ya ji su ba, kamar gyara hannun riga, ko miƙa hannu ga Tobin da yake gani a ransa ya bar shi a miƙe. Idan ya yi sauri ya taka maganarsu, an rasa dariya biyu, tasa da tasu. Idan ya tsaya cak yana jira kuwa, kowa ya gane jira yake.

Donald Sinden, wanda ya taka rawar a 1969 ƙarƙashin John Barton, ya rubuta bayanin aikinsa dalla-dalla a littafin Players of Shakespeare (1985), kuma abin da ke ba mai karatu mamaki shi ne yadda yake lissafa dariya ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirgar kuɗin ciniki. A shigowarsa yakan duba agogon rana da ke lambun, ya duba nasa na aljihu, ya ga sun saɓa, sai ya gyara na ranar. Ba a ƙara ko kalma a matani ba, amma an nuna mutumin da yake ganin rana ce ta yi kuskure. Irin wannan ƙari daga cikin halin ya tsiro, shi ya sa yake jure maimaici, saɓanin tafiyar gwame da aka liƙa daga waje.

Abu mafi muhimmanci a zubin fitowar yana zuwa ne bayan Malboliyo ya gama kokawa da wasu haruffa huɗu da ke cikin wasiƙar, waɗanda duk suna cikin sunansa amma ba a jere ba. Da ya fara karanta dogon zuben wasiƙar, maɓoyan uku sun yi gum, ba su sake cewa uffan ba har ya fita. Marubucin ya janye 'yan kallon da ya dasa a dandamali, ya bar ɗan wasa shi kaɗai da na gaskiya. Daga nan babu abin da ke auna masa lokaci a takarda. Ga umarnin ya sa doguwar safa ruwan ɗorawa, launin da Olibiya ta tsana, ga ƙarin bayani a gindin wasiƙa cewa ya riƙa murmushi, shi da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Tsawon lokacin da fuskar za ta ɗauka kafin murmushin farko ya fito, zauren ne ke yanke shi. A ra'ayin mai wannan nazari, nan ne wurin da bai kamata darakta ya ƙayyade wa ɗalibi komai ba, kuma nan ne ya fi dacewa a gayyato baƙin ido, ko da 'yan wani sashe ne da ba su san wasan ba, tun gwaji na tsakiya.

5.0 Daren Farko

Dariyar cikakken zaure tana da siffa: takan tashi, ta kai ƙololuwa, ta fara sauka. Ƙa'idar da 'yan wasa suka gada ita ce a shigo da magana ta gaba bayan ta fara sauka, kafin ta mutu. Ɗalibin da bai saba ba yakan ci gaba da magana a cikinta saboda fargaba, jama'a su rasa abin da ya ce, su kuma koyi danne dariyarsu don kada su sake rasawa. Cikin 'yan mintoci ya horar da su yin shiru. Wani abin da ke girgiza shi shi ne dariya na fashewa a inda bai taɓa zato ba, wurin da ya dogara da shi kuma ya wuce salin-alin.

Denis Diderot, a maƙalarsa kan ɗan wasa da aka buga a 1830 bayan rasuwarsa, ya yi da'awar cewa gwanin ɗan wasa mai sanyin kai ne, yana lura da kansa a lokacin da yake nuna zafin rai. Ko da ba a yarda da shi a kan kowane irin wasa ba, a barkwanci yana da hujja. Kunne ɗaya na ɗalibin na wajen Olibiya, ɗayan na wajen layin baya na zaure.

6.0 Ɗakin Duhu da Iyakar Dariya

A kashi na huɗu an kulle Malboliyo a ɗaki mai duhu a matsayin mahaukaci. Feste, wawan gidan, wanda matsayinsa ya yi kusa da na wawan sarki a fadojin Hausa, ya sa gemu da rigar limamin coci ya zo yana yi masa tambayoyin rainin hankali. Shi kuwa kyandir da alƙalami da tawada da takarda kawai yake roƙo. Manningham ya yaba wa makircin har da wannan ɓangare nasa, domin a Landan ta wancan zamani kallon masu taɓin hankali na cikin abubuwan nishaɗi. Zuwa 1822, Charles Lamb na rubuta cewa ya ga mutunci da abin tausayi a Malboliyon da Robert Bensley ya taka. Henry Irving ya ja rawar zuwa ɓangaren tausayi sosai a 1884, wasan bai samu karɓuwa ba.

Matanin da kansa yana nuna wasan ya fara gundurar masu yin sa, domin Tobi ya faɗa a fili cewa yana son a kawo ƙarshensa, ko da yake tsoron fushin Olibiya ne dalilinsa. Ɗalibi na iya shirya fitowar ta fuska biyu a ɗakin gwaji, amma sharaɗin Bergson na sanyin zuciya a hannun 'yan kallo yake. Wani zaure zai ci gaba da dariya har ƙarshe. Wani kuma zai yi tsit tun daga roƙon kyandir, kuma sau da yawa waɗanda suka fi shewa a fitowar wasiƙa su ne ke fara sunkuyar da kai. Ɗalibin da ya saba auna nasararsa da ƙarar dariya yakan ɗauki wannan shiru a matsayin faɗuwa, ya koma neman ta da ƙarfi a inda bai kamata ba.

Wannan ne ke yanke yadda zai yi fitarsa ta ƙarshe, inda ya yi alwashin ɗaukar fansa a kan kowa ya fice. Olibiya ta amsa cewa an zalunce shi, Osino ya aika a bi shi a lallashe shi, kuma akwai dalili: kyaftin ɗin da ke ajiye da tufafin mata na Bayola yana tsare a kan ƙarar da Malboliyo ya shigar. Ba a ga dawowarsa ba, Bayola kuma ta ƙare wasan cikin kayan maza. Ko ɗalibin zai jefa alwashin ga abokan wasansa kaɗai, ko zai juyo ya haɗa da mutanen da ke zaune suna kallo, ya danganta da abin da ya ji daga zauren a ɗakin duhu, kuma yana iya sauyawa tsakanin daren farko da na biyu.