Tsoron Haihuwa: Yadda Likitoci Ke Auna Shi

Kusan kowace mai juna biyu takan ji fargaba idan watan haihuwarta ya kama. Sai dai akwai wadda tsoron ke hana ta barci, ko ya sa ta ƙauracewa asibiti, ko ma ta guji ɗaukar ciki. A shekarar 2000 likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Birtaniya, Kristina Hofberg da Ian Brockington, suka bayyana wannan matsanancin tsoro a matsayin larura mai buƙatar kulawa. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe da dama, ya kiyasta cewa kimanin mata masu ciki 14 cikin 100 na fama da shi.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne W-DEQ, wanda Klaas Wijma da Barbro Wijma na ƙasar Suwidin suka wallafa a 1998. Yana ƙunshe da tambayoyi 33 game da yadda mace ke hasashen naƙudarta, kowace tambaya da maki daga 0 zuwa 5, jimilla 165. Masu bincike da yawa na ɗaukar maki 85 zuwa sama a matsayin alamar tsoro mai tsanani. An fassara shi zuwa harsuna da dama, ciki har da Girkanci da Turkanci. Akwai kuma gajeren ma'auni mai suna FOBS, mai tambayoyi biyu kacal, inda mace ke nuna matsayinta a kan layi tsakanin natsuwa da damuwa, sannan tsakanin rashin tsoro da tsoro.

Fassara kaɗai ba ta wadatarwa, domin dole a gwada ma'auni a cikin al'ummar da za a yi amfani da shi. A ƙasar Hausa, kunya da dauriya kan hana mace, musamman mai cikin fari, faɗin abin da ke ranta, don haka ƙarancin maki ba lallai ne ya nuna kwanciyar hankali ba.

Tsoron ma yana da dalili. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 na rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, kuma kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ke faruwa a asibiti. Ga matar da ke ƙauyukan Zungur a Ƙaramar Hukumar Bauchi, fargabar kan haɗa da nisan asibiti, kuɗin tiyata da ciwon yoyon fitsari, wanda ke da cibiyar kulawa ta tarayya a Ningi. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da yin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awon ciki aƙalla sau takwas, da barin mace ta zaɓi wanda zai kasance tare da ita yayin naƙuda. Ranar awo ita ce damar da ungozoma za ta tambayi mace abin da take tsoro, ta bayyana mata matakan naƙuda, ta kuma tura ta wajen likita idan tsoron ya tsananta.