Kano da Hanyar Jiragen Yaƙi ta Takoradi, 1940-1943

Jirgin sama ya fara sauka a Kano cikin watan Nuwamba 1925, sa'ad da jiragen sojan Ingila uku, samfurin DH.9A, suka iso daga Masar bisa jagorancin Arthur Coningham. Amma sai a Yaƙin Duniya na Biyu birnin ya sami matsayi a wannan fage. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuyar bi. Saboda haka aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su, sa'an nan su taso ta Ikko, Kano, Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Blenheim ke shiga gaba, ƙananan Hurricane na biye, domin matuƙin Hurricane shi kaɗai ne, ba mai duba masa hanya. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya.

Matuƙan sun rubuta abin da suka tuna, har da ɗan bege: hazo, zafin rana, da ƙurar da ke cin inji. Leburorin Kano da suka share fili, suka gangara durom-durom na mai kuwa, a ganina mu malaman tarihi mun yi sakacin neman bakinsu tun suna raye.