Tarihi: Yadda gwanjon soja ya haifi Landiroba

Ko kun san Landiroba da ta yi zamani a hanyoyin Tahoua, Agadez da Damagaram, asalinta motar soja ce ta gwanjo?

A yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1941 da 1945, kamfanonin Willys da Ford na Amurka sun ƙera wa soja Jeep sama da 600,000. Da yaƙi ya ƙare, aka yi gwanjon da yawa daga cikinsu. Ɗaya ta faɗa hannun Maurice Wilks, injiniyan kamfanin Rover na Ingila, yana aikin gona da ita. Daga nan dabara ta zo masa. A 1947 aka haɗa Land Rover ta gwaji a kan shasin Jeep, a 1948 ta fito kasuwa. Ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙi, sai aka yi jikinta da alminiyam, shi ya sa ba ya tsatsa.

Abin da ya sa direbobinmu suka so ta, ba ta da rikici. In ta mutu a daji, ka duba buji, ka wanke karbirato, sai ta tashi. In rairayi ne, ka rage iskar taya, ka sa kat-kat.

Amma mai son sayen tsohuwar motar soja yau, ya yi hattara. Da yawansu lantarkinsu volt 24 ne, ba 12 ba, kuma kayan gyaransu ba kowane garaji ke da su ba. A tafi da makaniki kafin a biya kuɗi.

Allah ya kiyaye hanya.